Sandar Awo da Kwalbar Shanu: Martani ga Malamin da Ya Ce a Rage Karnukan Manga

Ina roƙon Malam ya yi mini uzuri in taɓa maƙalarsa da aka buga kwanan baya, wadda a cikinta, bayan ya siffanta cutar nan ta tsutsar zuciya da sauro ke sa wa karnuka siffantawa mai kyau, ya juyo kan mutanenmu na Manga da sauran ƙauyukan da ke gindin duwatsun ƙasar Zuru, ya yanke musu hukunci da cewa, tun da ƙwayar rigakafin da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje ta fi ƙarfin aljihun talaka, tun da kuma maganin shanu da wasu ke tsira wa karnukansu guba ne, to, ba abin da ya saura ga magidanci mai karnuka biyar ko shida sai ya rage su su koma ɗaya, domin a ganinsa kashe kuɗi a kan dabbar da take najasa, alhali ga yara kwance da zazzaɓi, almubazzaranci ne tsantsa. Na karanta ta da hantsi, na ajiye, na sake ɗaukarta bayan sallar isha'i don kada in zalunce shi da gaggawa, sai na iske Malam ya yi daidai a wuraren da ba wanda ke ja da shi, ya kuma zame a daidai wurin da maganar duka ta rataya.

Zan fara kawar da batun najasa daga hanya, gama shi ne mafi sauƙin warwarewa, kuma na yi mamakin fitowarsa daga wanda ya gurfana a zaure ya yi karatu. Mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta aka raine mu tun daga Ahalari har Muhtasar, ta tafi a kan cewa duk mai rai tsarkakakke ne a zatinsa, da shi da yawunsa da guminsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai kuwa idan kare ya sa baki a cikinta ta'abbudi ne, wato umurni ne da ake bi don bauta ba tare da an rataya shi ga wata ƙazanta ba. Malaman Shafi'iyya ne suka yi hukunci da najasarsa, kuma suna da hujjarsu, amma in can Malam ya koma, ya kyautu ya sanar da mu. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, hadisi ingantacce ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, sa'an nan masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin da kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro sai ya ajiye kare, da aka tuna masa Malik ya karhanta haka sai ya amsa da abin da ma'anarsa ita ce, da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ɗaure. Duk wanda ya san halin da ƙananan hukumomin nan huɗu na masarautar Zuru, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, suka shiga a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, ya san haushin kare da tsakar dare ya sha ba mutane damar kwashe yara su hau dutse. Ban da haka, mutanen Manga ba duka ne Musulmi ba, akwai Kirista, akwai masu riƙe da al'adar kakanni, kuma fatawar da aka yi wa gida ɗaya ba ta hana sauro tashi daga bayan karen maƙwabci ya sauka a naka.

Wannan magana ta sauro ita ce ta rushe shawarar ragewa tun daga tushe. A ce magidanci ya ji wa'azin Malam, ya zaɓi kare ɗaya ya bar wa kansa: ina sauran biyar za su? Ba za su hau mota su tafi Yawuri ba. Za su koma bola da bayan kasuwa da bakin rafi, ba mai ba su tuwo balle magani, jininsu ya zama rumbun da kowane sauro zai ɗiba ya kai wa karen nan guda da aka bari a gida, ga kuma haɗarin ciwon hauka da ke ƙaruwa duk inda karnuka marasa iyayengiji suka yawaita. Kuma Malam ya ƙirga karnukan ne kamar wanda ke ƙirga kayan ado, alhali gida ɗaya a wajenmu yakan ƙunshi uba da 'ya'yansa maza uku ko huɗu da iyalansu, kowa da gonarsa a gindin dutse inda birai ke saukowa su yi wa dawa da masara ɓarna, kowa kuma in rani ya yi yana fita farauta, wadda ba a yin ta da kare guda. Shida a irin wannan gida ba su yi yawa ba.

Ita cutar, kamar yadda Malam ya faɗa, tsutsa ce fara siririya kamar taliya, wadda wani masani Ba'amurke mai suna Joseph Leidy ya siffanta a shekarar 1856, kuma masu bincike a makarantun likitancin dabbobi na ƙasar nan sun same ta a jinin karnukanmu. Sauro ya ciji kare mai ita, ya zuƙi 'ya'yanta da ke yawo cikin jini, su yi kamar mako biyu suna rikiɗa a cikinsa in da zafi, sa'an nan ya sauke su a fatar wani kare. Daga nan su yi ta tafiya cikin nama har su isa jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu, su balaga cikin wata shida zuwa bakwai, macen ta kai santimita 30, su zauna shekara biyar har bakwai suna toshe hanya. Mafarauci ne ke fara ganewa, domin karen da a da yake gaba a bin zomo sai ya koma baya yana haki, daga nan sai busasshen tari, sai rama, sai ciki ya cika da ruwa, mutane su ce sammu ne ko an ba shi wani abu ya ci. In ta kai nan, maganinta allura ce mai sinadarin arsanik da ake kira melarsomine, wadda ake yi har sau uku cikin naman baya, a kuma ɗaure kare makonni ba gudu ba tsalle don kada matattun tsutsotsi su ɓalle su toshe huhu, kuma kuɗinta, in ma an same ta, ya fi kuɗin karen nesa ba kusa ba. Rigakafin kuwa hikimarsa ita ce, a kowane wata a ba kare ɗan abin da zai kashe ƙananan da sauro ya sauke masa a watan da ya wuce, tun ba su yi ƙwari ba. Kare shida, wata goma sha biyu, ƙwaya 72 ke nan a shekara, kuma na yarda da Malam ɗari bisa ɗari cewa manomin da ke jiran kaka kafin ya ɗinka wa 'ya'yansa riga ba zai sayi wannan ba.

To, amma me ke cikin ƙwayar? Nan ne nake roƙon Malam ya juya kwalinta ya karanta, ya kuma ɗauko kwalbar maganin shanu da ke kowace rumfar masu sayar da magungunan dabbobi ya karanta, zai ga suna ɗaya ne a jikinsu, ivermectin. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura na ƙasar Jafan ya samo cikin ƙasa, William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck na Amurka suka fitar da magani daga gare ta, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981, aka fito da ƙwayar karnuka mai suna Heartgard a 1987, kuma a wannan shekarar ce kamfanin ya yi alkawarin bayar da shi kyauta ga mutane da sunan Mectizan don yaƙi da makantar da ƙudan rafi ke kawowa. Ashe abin da Malam ya kira guba a kwalba, ya kira rigakafi a kwali, shi ne kuma abin da shi da ni muka haɗiya a ƙofar gidan mai unguwa. Illar da ta bambanta hukuncinsu, in mun yi magana irin ta masu usulu, miƙidari ce kawai.

Bari mu yi lissafin a fili, don shi ne zuciyar mas'alar. Maganin shanu na kashi ɗaya cikin ɗari yana ɗauke da miligiram 10 a kowace mililita, wadda masu sayarwa ke ce wa mil. Abin da kare ke bukata don rigakafin tsutsar zuciya miligiram 0.006 ne a kan kowane kilo na nauyinsa, ta baki, sau ɗaya a wata. Karenmu na gida mai kilo 15 ke nan yana bukatar miligiram 0.09, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na mil guda ba. Ma'ana, mil ɗaya ya ishi karnuka 111, ɗigo ɗaya tak ya ishi biyar har da saura, ƙaramar kwalba mai mil 50 kuwa tana ɗauke da abin da ya haura 5,500 na irin wannan rabo, wato abin da zai riƙe karnuka sama da 450 shekara guda cur. Da na fara yin wannan lissafi sai na zaci na ɓata wurin sifiri, na sake har sau uku. Kwalba ɗaya, wadda makiyayi ke ƙarar da ita a kan 'yan shanunsa da safe ɗaya, ta ɗauke ƙauye. Abin da mai sayen ƙwaya ke biya da tsada, in an cire ribar kamfani da kuɗin jirgi da faɗuwar naira, ladan wanda ya auna masa ne.

A nan fa dole in tsaya in ba Malam haƙƙinsa, domin insafi ya hana ni ɓoye abin da idona ya gani, kuma lissafin da ya ƙarfafa hujjata shi ne ya ƙarfafa tsoronsa. Wata rana a wata kasuwar ƙauye na tsaya kusa da wani mai tallar magani a bayan keke, wani yaro ya kawo masa kwikwiyo mai ƙazuwa wanda bai fi kilo uku ba, mutumin nan ya zuƙi mil guda cif a sirinji, da ido, ya tsira masa, ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya shiga jikin ɗan tahalikin nan ya haura ninki 500 na rabon rigakafi. Washegari na ratsa ta gidansu na tarar da shi kwance yana dalalar da yawu, idanu a buɗe ba ya gani, in ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya faɗi, yaron kuma yana zaune kusa da shi ya ƙi cin abinci. Gaskiya ne babban kare lafiyayye yakan jure ninki mai yawa, shi ya sa likitoci da kansu ke maganin ƙazuwa da wannan ruwa, shi ya sa kuma masu talla suka samu ƙarfin hali. Amma ƙarami da ramamme ba su da wannan juriya, akwai kuma wasu jinsunan karnukan Turawa, irin su collie, masu wata tawaya ta gado da aka gano a 2001, wadda ke barin maganin ya ratsa cikin ƙwaƙwalwa. Sa'an nan karen da jininsa ya riga ya cika da 'ya'yan tsutsa, in aka danna masa da yawa suka mutu gaba ɗaya, yana iya sumewa nan take. Daɗin daɗawa maganin ba ya narkewa a ruwa, saboda haka wanda ya ce zai ɗiga shi a kwanon ruwan rijiya ya raba, wani kare zai sha duka, wani ya sha ruwa zalla. Da wani ruwa na musamman masu haɗa magani ke sirka shi. Akwai kuma kwalaben da aka gauraya da maganin tsutsar hanta, da waɗanda ake zubawa a gadon bayan sa, da na jabu marasa lambar NAFDAC da suka sha rana a kan tabarma. Duk wannan na sallama. Da Malam cewa ya yi kada jahili ya auna da ido, da na sa hannu a ƙarƙashin nasa.

Abin da ban sallama ba shi ne tsallen da ya yi daga wuyar awo zuwa haramta magani, domin wannan mushkila ɗin, ita kanta, a kan wannan magani ɗin, an riga an warware ta a ƙauyukanmu muna kallo. Da aka zo rabon Mectizan, shi ma bisa nauyin mutum ake bayar da shi, ƙauyuka kuwa ba sikeli, ba likita, masu rabon ma manoma ne da jama'a suka zaɓa daga cikinsu. Ba a ce a rage mutane ba, ba a kuma ce a bar su su makance ba. Masana suka zauna suka mayar da lissafin nauyi ya koma tsawo, suka ba kowane mai rabo sanda mai zane huɗu: ka tsaya jikinta, inda kanka ya kai shi zai nuna ko ƙwaya ɗaya za ka sha, ko biyu, ko uku, ko huɗu, yaron da bai kai santimita 90 ba kuma a ce ya dakata. Ilmin yana wurin wanda ya zana sandar, amanar tana wurin wanda ya riƙe ta, kuma da wannan 'yar dabara aka shayar da miliyoyin mutane a Afirka tun daga shirin da aka kafa a 1995. Na ambaci wannan ne don ƙiyasi, ba don wani ya ɗauki ƙwayar mutane ya jefa wa karensa ba, gama ita miligiram 3 ce, ninki talatin da wani abu na rabon kare, kuma waƙafi ce da aka yi don idon bayin Allah, karkatar da ita ha'inci ne.

Abin da nake kira a yi ke nan a Manga: a zana wa karnuka tasu sandar. Masu karnuka na unguwa guda su haɗa kuɗin kwalba ɗaya ta gaskiya da ladan likitan dabbobi, shi ya sirka ta da hannunsa yadda mil guda na sirkin zai zama rabon matsakaicin kare guda, ya kasa karnuka gida uku bisa nauyi, ya rubuta a jikin kwalba mai duhu, ya danƙa ta ga mutum ɗaya amintacce da zai riƙa ɗura wa kowanne a baki ran da aka ga sabon wata, yana yin alama a littafi. Kafin a fara, duk karen da ya wuce wata bakwai a ɗebi ɗigon jininsa a duba a madubin likita, wanda aka samu da tsutsa a ware shi likita ya san yadda zai bi da shi, 'yan kwikwiyo kuwa a fara musu tun suna wata biyu. Kada a ce sai da damina, domin ko da yake sauro ya fi yawa daga Mayu zuwa Oktoba, fadamu da tulunan bayan ɗaki ba sa rasa shi ko da rani, kuma wata biyu ko uku na sakaci sun isa tsutsa ta wuce ƙarfin rigakafi. In Malam ya ce mutanen ƙauye ba za su iya wannan tsari ba, sai in tuna masa cewa waɗannan su ne mutanen golmo, waɗanda samarinsu ke haɗa ƙungiya su yi shekara bakwai suna nome gonar surukai bi da bi ba a tsallake kowa ba, su ne kuma ke tara garuruwa a bikin Uhola kowace shekara ba tare da takarda ba. Masu aunawa ma ba su yi nisa ba: ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 a kan harsashin tsohuwar kwalejin noma, ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai ba zai samu abin da ya fi jinin karnukan gunduma guda ba.

Saura batun yara masu zazzaɓi, wanda Malam ya ajiye a ƙarshe don ya san shi ne mai taɓa zuciya. Ba mai hankalin da zai fifita kare a kan ɗansa, kuma da kuɗin ƙwaya 72 ake magana da na yi shiru. Amma rabon gida guda a kwalbar da aka yi tarayya a kanta bai kai abin da maigidan ke kashewa a goro ba, kuma almubazzaranci a wurin malamai shi ne sanya dukiya inda ba ta dace ba, kare abin da ke tsare maka gona da rai kuwa maslaha ce bayyananna. Muhtasar ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita in ba makiyaya, ni kuma a ra'ayina magani mai araha ɗan'uwan ciyarwa ne. Muwaɗɗa da Buhari duk sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa. Wani abin sha'awa ma, a shekarar 2015 da aka ba Omura da Campbell kyautar Nobel, rabin kyautar wata Basiniya ce ta ɗauka, Tu Youyou, wadda ta fitar da maganin zazzaɓin da muke ba yaran nan, kuma kwatamin da aka yashe da tulun da aka kife suna rage wa yaro da kare sauro a lokaci guda.

Inda zan ƙara wa Malam ƙarfi, ko da bai nema ba, shi ne tsutsar zuciya ba ita ce ta fi gaggawa ba a cikin cututtukan karnukanmu. Ciwon hauka ya fi ta, don shi yana tsallakowa ya kashe mutum, kimanin 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma allurarsa sau ɗaya ce a shekara, ana yin ta a nan gida a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924. Ranar da likita zai zo auna karnuka da ɗibar jini, ranar ce ya kamata ya zo da allurar hauka cikin akwatin ƙanƙara, ya duba kaska da tsutsar ciki, wadda ɗan rabon rigakafin nan ba ya kashewa, a yi tafiya ɗaya a biya kuɗin mai sau ɗaya. Mutumin da aka ce masa ya kori karnukansa ba zai kawo su a yi musu allurar hauka ba, ɓoye su zai yi.

Ina gayyatar Malam ya zo Manga bayan an gama girbin dawa, ya sauka a wurina, mu zaga gida uku ko huɗu ya ƙirga karnukan da idonsa, ya tambayi masu su aikin kowanne. In zai zo, don Allah ya taho mana da sikelin rataye irin na masu sayen hatsi, da buhu guda mai ƙwari da za a riƙa sa kare a ciki ana ɗagawa, domin namu sikelin ƙugiyarsa ta karye tun bara.